Tsohon Da Ya Daina Shan Ruwa

Akwai wata mata mai suna Zuwaira a wani ƙauye gabas da Dungas. Shekararta bakwai a gidan mijinta Laminu, da 'ya'ya biyu ƙanana da ba su kai aike ba.

Kowace shekara in an gama kaka, Laminu yakan tafi ci-rani Agadas, sai ruwan farko ya faɗi ya dawo. Gidan sai ya rage daga ita sai yara sai mahaifinsa, Baba Zakariya'u, tsoho mai shekara tamanin da 'yan kai. Matarsa Ƙande ta rasu shekara biyu da suka wuce.

Tsakanin Zuwaira da Baba akwai kunyar surukuta irin ta mutanen da. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Ko maƙwabcinsu Zakari, "mai sunan Baba" take ce masa. In za ta wuce ƙofar ɗakinsa sai ta cire takalmi. In ta kawo abinci sai ta durƙusa daga waje, ta gaishe shi kanta a sunkuye, ta ajiye ta tashi. Shi ma bai taɓa cin ko loma ɗaya a gabanta ba, kuma "yarinyar nan" yake ce mata.

Ɗakin Baba yana kusa da zaure. Makewayin gidan kuwa yana can ƙurya, bayan madafa. Duk mai zuwa sai ya bi ta gaban turmin da Zuwaira ke daka. Lokacin da Baba ke da ƙarfin ƙafa wannan bai dame shi ba, bayan gari yake fita. Amma gwiwa ta ƙi.

Da bazara ta shigo, Zuwaira ta fara ganin abin da ba ta saba gani ba. Ƙwaryar furar da Baba ke shanyewa tas, sai ta dawo da rabi. Ya daina zama wurin shan shayi a gindin gawo. Ya daina fita masallaci, in an tambaya ya ce gwiwa ce. Ruwan da take cika masa a tulu da safe, sai ta tarar da shi da yamma kamar ba a taɓa ba, ga rana tana dukan ƙasa har ba a iya taka ta.

Wata rana da hantsi ta zagaya bayan rumbu ɗibar kara. Da ta ɗaga wani tsohon zana, sai ta ga wanduna biyu na Baba a shimfiɗe a ƙarƙashi. An ɗauraye su da ruwa zalla ba sabulu, an ɓoye su don su bushe inda ido ba ya kai wa. Warin ya gaya mata sauran.

Ta tsaya da kara a hannu. Sai yanzu ta gane abin da take gani tana ɗauka ba komai ba ne: yadda Baba kan fito bakin ƙofa ya tsaya, ya dubi wajen turmi, ya ga tana nan, ya koma ciki. Kunyarta yake ji. Yana riƙewa har ta tashi, jikin kuwa ya daina jira. Shi ya sa ya yanke wa kansa ruwa.

Tausayinsa ya kama ta har ta share hawaye da bakin zani. Ta kwashe wandunan ta wanke da sabulu, ta shanya, ta ninke su sumul, ta ajiye masa a bakin ƙofa tare da abincin rana. A ranta ta yi abin kirki.

Nan ta yi kuskure. Da Baba ya ga wandunan a ninke, ya san ta sani. Daga ranar ya saki asabari bai ƙara ɗaga shi ba. In ta gaishe shi, daga ciki yake amsawa da murya ƙasa-ƙasa. Fura ta koma dawowa cike.

Ana cikin haka sai ga Sadiya, babbar 'yar Baba, yayar Laminu, wadda ke aure a Magariya. Ta sauka daga moto, wato babur, da ledar lemo da burodi, ta shiga ɗakin mahaifinta da murna. Ba ta jima ba ta fito fuska a murtuke.

"Zuwaira, zo nan."

Zuwaira ta zo ta durƙusa. "Sannu da hanya, Yaya."

"Riƙe sannunki. Me kika yi wa ubana? Leɓensa duk ya tsage, idonsa ya faɗa. Ɗakin kuma fa? Akuya kike kwanar masa a ciki?"

Daga cikin ɗaki Baba ya ce, "Sadiya, bar maganar nan."

"Ba zan bari ba, Baba. Kai ba ka iya ƙorafi ba, shi ya sa ake yi maka haka."

Ta ciro waya ta kira Laminu, ta buɗe murya yadda kowa zai ji. Matan maƙwabta tuni sun leƙo ta kan danga.

"Zuwaira, me nake ji?" in ji Laminu daga can.

"Ka yi haƙuri."

"Ba haƙuri na tambaye ki ba. Ubana na bar miki amana. Ruwan sha ma ya gagare ki ba shi?"

Magana ɗaya ce a bakin Zuwaira, in ta faɗe ta ta wanku. Ta buɗe baki ke nan sai ta ji Baba ya yi ɗan tari a bayan asabari. Ta dubi matan da ke kan danga. In ta faɗa, kafin la'asar maganar ta kai bakin rijiya, kuma mutumin da ya shekara hamsin ana kiransa raba gardamar iyakar gona zai koma tsohon da ke jiƙa wando.

Ta haɗiye. Ta ce, "Allah ya huci zuciyarku."

"Kin ji ko? Ba ta da ta cewa," in ji Sadiya. "Nan da kwana bakwai zan zo da mota in ɗauke shi. Kai kuma Laminu, in ka dawo ka san yadda za ka yi da matarka."

Bayan tafiyarta gidan ya yi tsit. Zuwaira ba maganar Laminu ce ta fi ci mata rai ba, duk da ta yi mata zafi. Abin da take tunani shi ne, da wannan zafin, tsohon da ba ya shan ruwa zai kai kwana bakwai kuwa? In ma ya kai, a Magariya gidan surukinsa za a kai shi, gida mai cike da mutane da makewayi ɗaya. Can zai ƙarasa kashe kansa da ƙishirwa.

Ita ba ta da bakin yi masa wannan magana. Ko ta cire kunya ta yi, shi ba zai iya saurara ba. Ta yi sallar azahar, ta daɗe a kan tabarma tana roƙon Allah ya nuna mata hanya. Sai Baba Ari ya faɗo mata a rai.

Baba Ari taubashin Baba Zakariya'u ne, ɗan gwaggonsa. Tun suna yara suke zagin juna, kowa na ce wa ɗan'uwansa bawa, kuma duk abin da suka gaya wa juna ba ya zama laifi. Ta same shi a ƙofar gidansa yana tufkar igiya. Ta cire takalmi ta durƙusa nesa kaɗan.

"'Yata, lafiya? Bawan nawa ya cika ne, in zo rabon gado?"

"Baba Ari, abin da ya kawo ni ya fi ƙarfin bakina."

"To faɗi wanda bakin zai iya, ni in ƙarasa."

Ta dubi ƙasa. "Kwana huɗu ke nan ruwan da Baba ya sha bai cika moɗa biyu ba. Ba ya fita masallaci. Makewayinmu kuma yana bayan madafa, ni kuwa kullum ina wurin."

Hannun tsohon ya tsaya a kan igiya.

"Wa kika gaya wa?"

"Babu kowa. Kai ɗin ma ina tsoron kada in zama na tona masa asiri."

"Ba ki tona ba. Tashi ki je ki dama fura ruwa-ruwa, ki cika babbar ƙwarya. Ina nan tafe."

Bai jima ba ya iso yana dogara sanda. Ya yaye asabarin ya shige ba ko sallama. Zuwaira ta ajiye ƙwaryar a bakin ƙofa, ta koma gefe tana tsintar wake. Bangon kara ne, duk abin da ake faɗa tana ji.

"Ashe da sauranka. Ni na zo ɗaukar hular nan ne."

"Fita min daga ɗaki, bawa," in ji Baba, muryarsa a dushe.

"Bawa wa? Kai da na goya muka tsallake gulbi kana kuka kana kiran innarka?"

"Ƙaryarka. Kai ka yi kuka."

"To na ji. Zakari, tun yaushe ya fara zubo maka?"

Zuwaira ta ji kamar ta nutse a ƙasa.

"Wa ya gaya maka?"

"Hancina ya gaya min, ai bai tsufa ba. Kai kana zaton kai kaɗai Allah ya yi wa mafitsara? Dubi nan. A'a, kada ka kau da kai, duba. Ka ga tsumman nan? Shekarata uku da shi. Kullum kafaɗata na gogar taka a sahu, ka taɓa jin wani abu?"

"Kai ma?"

"Ni ma. Da wasu biyu a gindin gawon nan da ba zan faɗa maka sunansu ba, don ka cika surutu."

Zuwaira ta ji wani sauti da ba ta taɓa ji ba. Baba ne ke kuka, a hankali, irin kukan wanda ya manta yadda ake yi.

"Ari, salla ce ta fi damuna. In na yi alwala, kafin in kai ƙofa ta tafi. Yaya zan tsaya gaban Ubangijina a haka? Ina yi a zaune a nan, ban san ko ana karɓa ba. Na ce in na bar ruwan ko zai tsaya."

"Zai tsaya mana, ranar da muka kai ka kushewa. Saurara. Ni na cire kunya na tambayi Liman tun farkon nawa. Ya ce wanda abin ya zame masa ciwo, yana zuwa kullum ba da nufinsa ba, Allah ya yi masa sauƙi. Ka yi tsarki, ka sa tsumma mai tsabta, ka yi alwalarka in lokaci ya yi, ka yi sallarka. Abin da ya ɗigo bayan nan ba a wuyanka yake ba. In ba ka yarda da bawa ba, gobe mu je ka ji daga bakinsa."

Baba ya ja numfashi. "Yarinyar nan ta gani, Ari. Har ta wanke. Da wane ido zan dube ta?"

"Da can kana dubanta ne? Kuma wa kake so ya wanke maka, Prefe mai mulkin Dungas? Yau 'yarka ta wanke ta tas a gaban mata, ita kuwa ta rufe bakinta saboda kai. Ungo, sha. In ba ka shanye ba ni zan shanye in ce kai ne."

Zuwaira ta daina tsintar wake. Ta ji an ɗaga ƙwarya. Ta ji maƙogwaron tsoho yana haɗiya, sau ɗaya, sau biyu, bai tsaya ba. Ta kifa kanta a gwiwa tana ta hamdala a zuci.

Washegari Baba Ari ya zo da zana biyu da dirkoki. Ya sa aka haƙa rami, aka kewaye ɗan makewayi dab da ɗakin Baba ta baya, taku uku daga gadonsa, inda ba ya bi ta gaban kowa. Ya kwashi wandunan ya kai wa tela aka zare mazagi aka sa roba, don ashe yatsun Baba sun yi tauri, kwance mazagin ma yana cinye masa lokaci.

Zuwaira ta ciro tsofaffin zannuwanta masu laushi, ta yayyanka, ta ninke su kauri-kauri. Ta samo shimfiɗar kawusu wadda ruwa ba ya ratsawa, Baba Ari ya sa masa ƙarƙashin tabarma. Ta ajiye bokiti mai murfi a sabon makewayin, da sabulu, da buta, da man kaɗe na shafawa don kada fata ta saɓule. Wannan karon ba ta kai komai bakin ƙofa ba. Sai Baba ya fita masallaci take zagayawa ta ɗauke bokitin, ta wanke da ruwan zafi, ta shanya a rana bayan ɗakinta, ta mayar da busassu inda ta ga ya saba ajiyewa. Ba ta ce ba, bai ce ba.

Rana ta uku suka hau moto shi da Baba Ari zuwa likita a Dungas. Majo, babban ma'aikacin jinyar wurin, ya duba shi, ya yi masa faɗa a kan barin ruwa, ya ce shi ya jawo masa zafin fitsari da jiri. Ya ba shi magani. Ya ce ya riƙa shan ruwa sosai da rana ya sassauta in magariba ta yi, ya rage shayi mai ƙarfi, ya riƙa zagayawa a kan lokaci ko bai ji matsuwa ba. Ya kuma rubuta masa takarda ta zuwa babban asibiti in ɗansa ya dawo, don a duba abin da ke kawo wa tsofaffin maza wannan.

Ciwon bai tafi duka ba. Amma ya ragu, kuma Baba ya san yadda zai zauna da shi.

Rana ta bakwai Sadiya ta zo da motar haya kamar yadda ta ce. Ta shiga ɗakin ta tarar ba kowa, an share, iska na shiga. Tana fitowa sai ga Baba ya dawo daga sallar azahar, Baba Ari na bayansa yana ce masa ya yi sauri, tafiyar hawainiya ta ishe shi.

"Baba, ka ga abin da faɗa ya yi? Da ban yi magana ba da ba a gyara ba. Ina kayanka? Mota na jira."

"Sallami mai mota. Zauna nan, ki kira min Laminu."

Ta kira. Baba ya karɓi wayar ya riƙe a tafin hannu. Zuwaira na madafa, tana jin komai.

"Laminu, ku saurara kai da yayarka. Babu wanda ya hana ni ruwa, ni na hana kaina. Fitsari ne ya daina tsaya min, na ji kunya, na zaɓi ƙishirwa. Yarinyar nan ta sani tun kafin Sadiya ta zo. Kuka tsare ta a gaban mutane, amsa na bakinta, ta haɗiye don kada a ji kaina. Abin da ya kamata ku da na haifa ku lura da shi, ita ta lura. Ba zan maimaita maganar nan ba. Kowa ya san abin da ya rage masa."

Laminu ya ce daga can, "Baba, a ba ta wayar."

"Ba yanzu ba. Ka kira ta kai kaɗai, yadda ka ɓata mata a gaban jama'a ka ji nauyin gyarawa."

Sadiya ta tashi ta nufi madafa. Ta tsuguna kusa da murhu, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan.

"Zuwaira, ki yafe min. Me ya hana ki ja ni gefe ki gaya min?"

"Na yafe, Yaya. Ba ki ba ni gefen ba. Kuma maganar ba tawa ba ce."

Sadiya ta share ido. Ta rage murya.

"Inna, uwar maigidana. Wata uku ke nan ta daina zuwa biki da suna. In na kai mata kunu sai ta ce ta ƙoshi. Ni kuwa na fitar da shimfiɗarta rumfa, ina cewa ƙazantar tsufa ce." Ta sunkuyar da kai. "Jiya ma na yi mata faɗa a gaban jikokinta."

Zuwaira ta sauke tukunya, ta wanke hannu, ta shiga ɗaki ta fito da tsumma biyu masu tsabta. Ta shimfiɗa ɗaya a cinyarta, ta miƙa wa Sadiya ɗayan.

"Ga yadda ake ninkewa, Yaya. Amma in kin koma, kada ki fara da wannan. Ki fara nemo wadda Inna ba ta jin kunyarta."

Darasi: Tsohon da ya rage shan ruwa, ya daina fita cikin mutane, ko ɗakinsa ya canza wari, kada mu yi saurin cewa rigima ce ko ƙazanta, kada kuma mu yi saurin zargin mai kula da shi. Sau da yawa ciwo ne yake ɓoyewa saboda kunya. Rashin riƙe fitsari lalura ce, ba abin gori ba. Kada a hana shi ruwa, a kusanto masa da makewayi, a tsabtace shi cikin sutura, a kai shi likita, a tambayi malamai sauƙin da addini ya yi masa. Wanda ya rufa asirin tsoho, Allah ba zai bar shi a tone ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana da tsoho a gida, wataƙila yau wani yana zaune da ƙishirwa a bayan asabari. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu.